Kurakuran da ake yi wajen gyaran bango bayan ambaliya

Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya kwana ya wuni a unguwannin Maiduguri irin su Gwange, har ya kai fadar Shehu. Da ya janye, hankalin kowa ya koma kan komawa gida da rufe alamar ɓarna. A nan ake tafka kuskure mafi tsada, domin bangon da ya sha ruwa yana bushewa ne daga fuska, cikinsa kuwa sai ya ɗauki watanni. Masana gini kan ƙiyasta wata guda ga kowane inci ɗaya na kaurin bango. Bulo mai rami ma yana iya riƙe ruwa a cikinsa kamar randa, alhali waje ya yi fari tas.

Don haka kada a yi saurin kiran mai fenti. Fenti mai mai, ko tayil da ake mannawa don a ɓoye tabo, toshe hanyar fitar danshi suke yi. Bayan 'yan makonni fentin ya kumbura ya ɓare, kuɗi sun tafi. Gwajin ba shi da wuya: a samu leda mai haske, a manna ta a bango da salatif ta kowane gefe, a bar ta kwana biyu. Idan aka ga raɓa a ƙarƙashinta, ko wurin ya yi duhu, bangon bai shirya ba. Tunda ambaliyarmu ta fi zuwa a Agusta da Satumba, wanda ya iya haƙuri har iskar hunturu ta kaɗa ya samu mai busarwa kyauta.

Wasu kuma sai su hura gawayi a ɗaki su rufe ƙofa da taga, wai don bango ya bushe da wuri. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da wari ba, haka ma na janareta. Ga shi zafin gawayin, fuskar bangon kawai yake ƙonawa ta tsattsage. Iska ce ke busar da bango: a buɗe ko'ina, a janye kabad da gado daga jikinsa, a fitar da ledar ƙasa da katifa. Amma kafin a kunna ko fanka, a kashe wuta daga mita, mai gyaran wuta ya buɗe kowane soket da ruwa ya taɓa.

Inda na fi ganin ana asara shi ne ginin ƙasa. Mai gida ya ga gindin katanga ya zaizaye, sai ya sayo siminti a shafe, wai don ya yi ƙarfi. Siminti ba ya kama laka da kyau, kuma ba ya barin ta ta yi numfashi. Danshin da ke ciki sai ya rasa mafita, ya ci gaba da narkar da tubali a ɓoye, fuskar kuma tana nan sumul. Ƙwanƙwasa irin wannan filasta da bayan yatsa, za ka ji tana amsawa fanko. Gyaran ƙasa da ƙasa ake yi. A fara tokare azara ko rufin da itace mai ƙarfi, a kankare ruɓaɓɓen wurin har a tarar da mai tauri, sannan a cike da ƙasa irin ta ginin, wadda aka kwaɓa da ramno aka bari ta kwana. Kaɗan-kaɗan ake yi, kamu ɗaya ko biyu, a bar shi ya sha iska kafin a matsa gaba. Wanda ya ƙwaƙule gindin bango daga wannan kusurwa zuwa waccan a rana ɗaya, shi ya kayar da ɗakinsa da hannunsa. Idan kuwa bangon ya karkata ko ya yi ciki, ba maganar yaɓe ba ce, sai an sauke shi, kuma kada kowa ya kwana a ɗakin, ko da maƙwabta za a roƙa wurin kwana.

A ginin bulo, filastar da ta jiƙe ta saki a sare ta har a wuce layin da ruwa ya bari da kamar taƙi biyu, domin danshi yana hawa sama da inda ido ya gani. Farin garin nan mai kama da kanwa da ke fitowa, gishiri ne da ruwa ya kwaso. Ana yawan wanke shi da ruwa, sai ya narke ya koma ciki ya sake fitowa. Da busasshen buroshi ake goge shi. Laka da baƙin fumfuna su ne ke son wanki da sabulu, a bi da ruwan bilic, tunda ruwan ambaliya ya ratsa masai da kwata. Kada a gauraya bilic da wani maganin wanke banɗaki, tururinsu guba ne.

Tsaga ma ba a gaggawar cike ta. A ja layi da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata, a riƙa dubawa. Wadda ta tsaya, birkila zai cike ta. Wadda ke ƙara tsawo, ko take bin layin bulo kamar matakala, ko ƙofa ta fara ƙin rufuwa, wannan harsashin ginin ne ya zauna, aikin injiniya ne.

Sai kuma wajen gida, wanda ake mantawa. Muddin ƙasar gindin bango ta gangaro zuwa ɗaki, ko indararo na zuba a jikinsa, gyaran ba zai ga ƙarshen damina mai zuwa ba. A cike da birji a daddaɓe ya gangara waje, a ƙara wa indararo tsawo, a yashe kwata tun kafin ruwan farko.