Iyo, keke, gudu: yadda zaka shirya tirayatalon ƙarami daga nan Bauchi

Toh, duk wanda ya ji ance tirayatalon sai ya ɗauka abun Turawa ne masu keken miliyoyi, alhali ƙaramin zangon da suke kira sifirint ba wani tashin hankali bane: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5, a jere ba hutu. Rabin na Olamfik kenan, wanda aka fara sakawa a gasar Olamfik ta birnin Sidni a 2000. Sabon shiga yakan gama cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma sati 12 sun isheka shiri in dai kana da lafiya.

Matsalarmu a Bauchi ruwa ce, mu faɗi gaskiya. Keke kowa ya taso da shi, gudu kuma ko ƙwallon layi ta koya mana, amma iyo da yawanmu sai dai facal-facal na rafi. Dan Allah kar ka ce zaka faɗa dam ɗin Gubi kai kaɗai da sunan tirenin, ga haɗarin nutsewa ga tsargiya, nemi suwimin ful na otal ka biya kuɗin shiga, sau biyu ko uku a sati. Ka tambayi tsawonsa, in mita 25 ne tsallakawa 30 ce take bada 750, in kuma irin ƙananan nan ne sai kayi lissafinka. Abun da zaka fara koya ba sauri bane, numfashi ne: fuska cikin ruwa kana fitar da iska a hankali ta hanci, ka juya kai gefe ka shaƙa, ba wai ka riƙe numfashi har ƙirji ya fara zafi ba. Satin farko tsallakawa biyu ma zaka ji kamar ranka zai fita, kar ka karaya, wajen sati na biyar jiki yake sakin kansa. Kuma ka saba ɗaga ido gaba duk bayan bugu shida ko takwas, don in a tafki za'ayi tseren babu layi a ƙasan ruwa, mutum sai yayi ta iyo yana karkacewa yana ƙara ma kansa hanya.

Keke kam wanda kake da shi ya isa, kai shi wajen mai gyara ya duba birki da giya da sarƙa, ka sayi hular kwano don ba'a barin kowa ya hau babu ita. Ka fita bayan sallar asuba ta hanyar Dass ko ta Ningi kafin tireloli da masu Keke Napep su cika titi, musamman Maris da Afrilu da rana take fitowa da fushinta. Ka koyi canza tiyub da kanka, ranar tsere babu mai faci a bakin hanya yana jiranka.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau. Sau ɗaya a sati, kana sauka daga keke ka saka kambas ka hau gudu nan take, ko na minti goma ne. Ni ranar da na fara gwadawa bayan kilomita 20, wallahi ƙafafuna kamar na aro, ina ɗagawa suna ƙi, wani dattijo da yake share ƙofar shagonsa har cewa yayi "sannu ɗan nan, ko ciwo ne?" Jiki ya saba da juya feda ne, sai an koya masa sauyawa, kuma yawancin masu tafiya da ƙafa a kilomitan farko na gudu wannan suka tsallake. Ka fara da gajerun taku, bayan minti biyar ƙafar zata dawo taka.

Wajen canjin kaya ma, wato inda zaka sauya daga iyo zuwa keke da daga keke zuwa gudu, agogo baya tsayawa, don haka ka shimfiɗa ɗan tawul kusa da kekenka, hula a buɗe kan kan keken, takalmi a sassauce, lambarka a shirye. Doka ce: ka ɗaure hula kafin ka taɓa keke, ka tura shi da hannu har ka wuce layin da aka shata na hawa keke, in ka dawo ma kar ka kwance ta sai ka ajiye keken. Ka gwada wannan a tsakar gida sau da yawa, yara zasu yi maka dariya, bar su.

Tseren cikin gari kwana-kwana ne da shataletale da tudun rage gudu, don haka ana gobe ka zaga hanyar ka gane inda ramuka suke. A yawancin tseren sababbi an hana liƙe wa bayan keken wani don ya tare maka iska, ka saurari bayanin alƙalai kafin a fara. Safiyar ranar ka ci abun da cikinka ya sani awa biyu zuwa uku kafin a tashi, koko ko burodi da ayaba, masa da miyar taushe ka bari sai an gama. A cikin ruwa ka tsaya baya ko gefe don a gaba shuri ake sha, ruwan sha kuma a kan keke zaka kurɓa kaɗan-kaɗan, dabino biyu a aljihu, don in ka bari sai wajen gudu cikin zai yi ta ƙugi.