Matakan Zaɓar Wa Jariri Suna

Da farko, ku zauna da mai jego kafin ranar bakwai ta zo, kowa ya faɗi nasa. Idan za a yi wa kaka takwara, a tanadi lakabi tun yanzu, domin surukar gida ba za ta kira sunan gatsau ba. Abba, Ummi, Walida, duk suna rufa asiri.

Sai a tambayi malami ma'anar sunan. Daɗin ji kaɗai bai isa ba.

Na uku, kuma nan aka fi sakaci, a gwada sunan a bakin mutane. Kaduna gari ne na kowa. Maƙwabciyarku ta Barnawa ko malamin makaranta a Sabon Tasha zai iya furta Ɗanladi ko Ƙasimu? Wasu "Danladi" za su ce har abada, ku sani tun wuri. Sunaye irin Ihsan da Iman kuwa, maza da mata duk suna ɗauka, don haka za a riƙa tambaya, "Mace ce ko namiji?"

Bayan an raɗa suna, a tsayar da rubutu ɗaya, Aisha ko A'isha, kafin a je karɓar takardar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.