Yadda Ake Gyara Babur Ɗin Ruwa na Tsaye da Fiba da Kumfa

Babur ɗin ruwa na tsaye, irin wanda Kawasaki ya fara fitarwa a 1973 ko SuperJet da Yamaha ya kawo a 1990, yana zuwa daga masana'anta da wurin tsayuwa shimfiɗaɗɗe, babu inda ƙafa za ta kama idan mutum ya yi tsalle a kan igiyar ruwa. Shi ya sa gyaran da masu shi suka fi yi shi ne sanya maƙalar ƙafa a gefe biyu na wurin tsayuwar, tare da sauya tsohuwar kumfar da ke ƙarƙashinsa. Aikin ba ya buƙatar kayan aiki masu yawa, amma duk wata kafa da aka bari ruwa zai bi ta, kuma kowace lita da kumfa ta tsotsa kilo guda ce da injin zai riƙa ja.

Kafin ka yanka komai, ka tabbatar kayan da ka saya suna jituwa da juna. Yawancin gangar jikin waɗannan babura ana matsa ta ne a masana'anta da wani haɗin fiba (zaren gilashi) da ake kira SMC, wanda rezin ɗin foliyesta, wato ruwan gam da ake jiƙa fiba da shi, ba ya kama shi da kyau. Zai yi kamar ya manne, sai bayan 'yan watanni ya ɓare. Rezin ɗin efoksi ne ya dace, ko da ya fi tsada. Foliyesta kuma yana narkar da kumfar folistarin, wato busasshiyar kumfa mai zuwa a alluna, nan take, alhali efoksi ba ya taɓa ta. Wajen zanen fiba, ka zaɓi saƙaƙƙe ko ɗinkakke irin 1708, domin zanen gutsattsarin zare na gargajiya ana riƙe shi ne da wani gam da ba ya narkewa sosai a cikin efoksi.

Ka cire shimfiɗar roba ta wurin tsayuwa, ka hau babur ɗin da takalman da kake hawa da su, ka yi alama a inda ƙafarka take zama. Ka yanka ramin maƙalar bai kai girman da kake so ba, sannan ka riƙa faɗaɗa shi kaɗan-kaɗan har maƙalar ta zauna daram. Ka kula da zurfin yankan, domin bututun hayaƙi da bututun ruwa suna bi ta cikin kumfar a nau'o'i da yawa. Idan ka matse tsohuwar kumfa ruwa ya fito, ka tone ta gaba ɗaya, ka bar wurin a buɗe har ya bushe ƙayau.

A wajen gurza ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Ka gurje duk inda fiba za ta kwanta da samfefa mai kaushi, lamba 36 zuwa 80, har fenti ya tafi, ka wuce bakin ramin da kamar santimita 5 zuwa 8, sannan ka goge ƙurar da sinadarin asiton da tsumma mai tsabta. Ka sa takunkumi mai tace sinadari da safar hannu da tabarau, domin ƙurar fiba tana shiga huhu, tururin kumfa kuma ya fi ta illa. Ka kafe maƙalar da ribit, ka cike kusurwoyi da efoksi mai kauri saboda zane ba ya lanƙwasa a kusurwa mai kaifi, sannan ka shimfiɗa zane biyu ko uku, kowanne ya haura bakin ɗan'uwansa. Ka auna efoksi da sinadarin daskarar da shi daidai yadda kamfanin ya rubuta. Ƙara sinadarin ba ya hanzarta bushewa, sai dai ya bar maka abu mai danƙo. Zanen da ya jiƙu sosai yakan zama garau, kana hango abin da ke ƙarƙashinsa, farin tabo kuwa iska ce ta maƙale, sai ka kore ta da rola.

Kumfar da ake zubawa ruwa biyu ce ta foliyuretan, kuma mai nauyin kilo 32 a kowace mita kubik ita aka fi amfani da ita. Da zarar an gauraya ta, cikin ƙasa da minti guda take fara tashi kamar ƙullun da ya sha yis, har ta ninka girmanta sau ashirin da wani abu. Ka huda ramukan zubawa da na fitar iska, ka zuba kaɗan, ka jira ta gama tashi kafin ka ƙara, domin wadda aka zuba da yawa a rufaffen wuri tana iya kumbura bangon har ya tsage. A ganina, wanda ke da haƙuri gara ya yanka allunan folistarin masu ƙin ruwa ya cusa su, ya bar ta zubawa don cike gurabe kawai, tunda ita takan sha ruwa idan ta tsufa.

Bayan kumfar ta daskare, ka sare abin da ya fito, ka toshe ramukan da fiba. Ka wanke saman efoksin da ruwa don cire maiƙon da yake fitarwa, ka gurje shi, ka shafa fenti a duk inda rana za ta taɓa, domin haskenta yana lalata efoksi. Sannan ka manna sabuwar shimfiɗar roba, ka auna nauyin babur ɗin ka rubuta, domin idan ya ƙaru bayan wasu watanni ka san ruwa ya sami hanya.