Yadda za ka rage kashe kuɗi kan insulin ba tare da rage allurar ba

Kamfanoni uku, Novo Nordisk da Eli Lilly da Sanofi, su ke riƙe da sama da kashi 90 cikin 100 na kasuwar insulin, allurar masu ciwon sukari, a duniya, kuma wadda ake sayarwa a Najeriya daga waje ake shigo da ita. Shi ya sa tun da naira ta faɗi a 2023 farashinta ya yi tashin gwauron zabo. Ba ka da iko kan dala, amma kana da iko kan irin wadda kake saye, da yadda kake ajiye ta, da abin da ke zubewa a banza.

Fara da lissafin yunit, kada ka tsaya kan farashin kwali. Kwalba mai mil 10 da aka rubuta mata 100 IU/ml tana ɗauke da yunit 1,000. Biron allura mai mil 3 yana da yunit 300 kacal, kuma kafin kowace allura sai an fesar da yunit 2 don fitar da iska. Wanda ke yin yunit 30 a rana, safe da yamma, kwalba ɗaya za ta kai shi wata guda, biro kuwa ba zai cika masa kwana 9 ba. Raba farashin kowanne da yawan yunit ɗinsa, nan za ka ga mai araha, kuma galibi kwalba da sirinji ne. Sai dai lissafin yakan juya ga mai yin kaɗan. Yaron da ke yin yunit 10 a rana ba zai ƙarar da kwalba ba kafin ta lalace, domin da zarar an huda ta kimanin mako huɗu take yi. Shi ƙaramin mazubi mai mil 3 ya fi masa.

Daga nan ka tambayi likitanka kai tsaye: “Likita, ko zan iya komawa wadda ta fi araha?” Irin su Mixtard 30 da Actrapid da Insulatard sun fi Lantus da NovoRapid sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma suna riƙe sukarin mutane da yawa yadda ya kamata. Amma suna da ƙa'ida. Actrapid da Mixtard ana yin su minti 30 kafin cin abinci. Insulatard da Mixtard ƙarfinsu yakan kai ƙololuwa sa'o'i bayan an yi su, don haka wanda ya yi ta yamma ya kwanta da ƙaramin abinci a ciki, sukarinsa na iya faɗuwa cikin dare. Su biyun nan farare ne kamar madara, sai an murza kwalbar a tafin hannu sau goma zuwa ashirin ta haɗe, ba a girgiza ta da ƙarfi. Kada mai kemis ya canza maka iri don wadda ka saba ta yanke. Canjin aikin likita ne, da gwajin sukari akai-akai a makon farko.

Duba sirinji da kyau, nan ne ganganci ya fi yawa. Akwai insulin mai ƙarfin 40 da mai ƙarfin 100, wato yawan yunit a kowane mil, kowacce da sirinjinta: na U-40 yawanci jan murfi gare shi, na U-100 ruwan lemo. In ka ja mai 100 da sirinjin 40 zuwa layin 10, yunit 25 ka yi wa kanka. In gumi da karkarwa da yunwa suka taso, ko na'urar gwajin sukari ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, alamar sukari ya faɗi ke nan: sha ƙaramin cokali uku na sukari a ruwa, ka sake gwadawa bayan minti 15.

Ajiya kan cinye kuɗi fiye da yadda ake zato. Wadda ba a buɗe ba wurinta firji, tsakanin digiri 2 da 8, nesa da gidan ƙanƙara. In ta daskare sau ɗaya ta tashi aiki, ko da ta narke. Inda wuta ba ta tsayawa, kada ka sayi ta wata uku don gudun ƙarin farashi, sai in akwai firjin sola a asibitin unguwa ko gidan wani amintacce. Wadda kake amfani da ita kuwa randa ta ishe ta. Sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, rufe da tsumma mai laima, ka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, kana yayyafa wa yashin ruwa safe da yamma. Kwalbar ta zauna cikin ƙaramar roba mai murfi, kada ruwa ya taɓa bakinta ko ya cinye takardarta. Dabarar ta fi aiki a busasshen zafin bazara, tana raguwa da damina. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka fitar a 2021 ya nuna insulin da aka buɗe ta riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Wannan ba ya nufin a bar ta a mota ko a hasken rana. Rubuta ranar da ka huda ta a jikin kwalbar, kuma in ka ga gudaji, ko wadda take garau ta yi gurɓi, jefar da ita.

Wurin allura ma yana da hannu a kuɗin. Mai soka wuri ɗaya kullum yakan samu kulluwa mai tauri a ƙarƙashin fata, insulin ba ta shiga jini sosai ta nan, sai a yi ta ƙara masa yunit. Riƙa matsawa da faɗin yatsa ɗaya ko biyu, tsakanin ciki da cinya.

Wajen saye, nemi lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, kuma ka ga an ciro ta daga firji a gabanka. Gwada kantin maganin asibitin gwamnati kafin kemis, ka tambayi abin da inshorar lafiya ta NHIA ko ta jiharka, kamar KSCHMA a Kano, take biya. Iyayen yara masu ciwon sukari nau'i na ɗaya su tambayi sashen yara na asibitin koyarwa ko yana cikin shirye-shiryen tallafi irin Life for a Child.

In kuɗi suka yanke, je asibiti tun da sauran kwana uku ko huɗu a kwalbar, ka faɗi gaskiyar halin da ake ciki. Mai nau'i na ɗaya da ya daina allura, ko ya raba ta biyu don ta daɗe, yana iya shiga mummunan hali cikin kwana ɗaya ko biyu: ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, sannan suma. Wanda aka ga waɗannan alamu a jikinsa, sashen gaggawa za a kai shi a ranar, tare da kwalbarsa da sirinjinsa don likita ya ga abin da yake yi.