Yadda ake saita mitar pH ga masu shuka a cikin ɗaki

Jama'a masu noman latas da tumatir da na'ana'a a bokiti ko a bututu, dan Allah kafin ku sake ƙara taki ku fara duba mitarku ta pH, wato wadda ake auna tsamin ruwan shuka da ita. Ni abin ya taɓa samuna, sabbin ganyen tumatir ɗina suka fara rawaya amma jijiyoyin suna nan kore shar, ina tsoma mita tana nuna min 6.0 lafiya lau, na yi ta ƙara taki wajen sati biyu ba canji, ranar da na saita ta sai ga ruwan ya haura 7. Ashe mitar ce ta kauce. Da zarar ruwa ya wuce 6.5 ya doshi 7, sinadarin ƙarfe yana nan a ciki amma saiwa ba ta iya zuƙarsa sosai, shi ne wannan rawayar.

Ma'aunin daga 0 ne zuwa 14, lamba 7 ce tsaka-tsaki, ƙasa da ita tsami ne kamar lemon tsami da yake wajen 2, sama da ita kuma ɓangaren kanwa da toka ne. Kowace lamba ɗaya ninki goma ce, wato ruwan 6 ya fi ruwan 7 tsami sau goma, don haka kar ka ce ai ɗan bambanci ne. Yawancin shukar da ake yi a ruwan taki tana son tsakanin 5.5 da 6.5.

To ga yadda ake yi. Irin 'yar rawayar mitar nan mai kama da alƙalami tana zuwa da ƙananan ledoji na gari, an rubuta 4.01 ko 4.00, da 6.86, da 9.18. Kowace leda ana zuba ta ne a ruwa mililita 250, ka juya har garin ya narke tas ba ko ɓurɓushi a ƙasan kofi. Wasu mitocin kuma 7.00 da 4.01 da 10.01 suke so, ka duba takardar taka kar ka haɗa mata ruwan da ba shi take nema ba.

Maganar ruwan da za a kwaɓa garin da shi, nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ba fiya wata ba, ba ruwan bohol ba, ba na famfo ba, distil ake so, wato ruwan da aka tace ta hanyar tururi. Za ka samu a shagon kayan lab ko wajen masu batir, amma in wajen masu batir ka je ka tabbatar ka faɗa musu distil kake so wanda ba a haɗa shi da asid ba, domin ruwan batir iri biyu ne kuma mai asid ɗin zai lalata maka komai har ya ƙona hannu.

Ka samu kofuna masu tsabta, ɗaya na ɗauraya, sauran na ruwan saiti, wato wanda ka kwaɓa da garin nan. Ɗauraye kan mitar da distil, ka ɗan ɗora tishu ya tsotse ɗigon, kar ka goge, wannan ɗan ƙwallon gilas ɗin da kake gani a ciki shi ne mitar gaba ɗaya kuma ba ya son gurzawa. Kullum da 6.86 ko 7.00 ake farawa. Tsoma ta, ka ɗan kaɗa a hankali saboda kumfar da ke maƙalewa jikin gilas ɗin, sannan ka jira lambar ta daina rawa, wani lokaci sai ta ci minti ɗaya ko biyu, haƙuri kawai. In ta tsaya sai ka danne maɓallin CAL har ta karɓa, in kuma tsohuwar yayi ce mai ɗan noti a baya sai ka murɗa da ƙaramin sukundireban da ya zo da ita har ta nuna daidai. Ɗauraye kuma, ka shiga 4.01 ka maimaita. Mu da muke aiki tsakanin 5.5 da 6.5 waɗannan biyun sun wadatar tunda sun sa lambarmu a tsakiya, 9.18 ɗin ba dole ba ne sai in mitar ce ta nema, kuma shi ya fi saurin lalacewa saboda yana shan iska.

Lambobin nan a zafin digiri 25 aka rubuta su. In lokacin bazara ne ɗaki ya kai 40, ruwan 9.18 yana saukowa wajen 9.07, shi ya sa na fi son yin saiti da sassafe, mita da ruwan saiti su kwana a ɗaki ɗaya da shukar. Ruwan saitin da ka yi amfani da shi ka zubar, kar ka mayar cikin kwalba, ragowar ka rufe ruf ka rubuta kwanan wata.

Ni duk sati biyu nake saitawa, haka in ta faɗi ƙasa ko na canza batir ko ta daɗe a ajiye. Kar ka gwada ta a distil ka ce dole ta nuna 7, ba za ta nuna ba, distil yana shan iska ya ɗan yi tsami.

Ajiya kuma, kar ka bar gilas ɗin ya bushe, musamman da hunturu. Ɗiga ruwan ajiya na KCl, wato ruwan gishirin potassium chloride, a cikin murfin kafin ka rufe, in babu sai ka sa ɗan ruwan 4.01 na wucin gadi, amma ban da distil. In ta riga ta bushe jiƙa ta a KCl ɗin ta kwana sannan ka saita. Wadda ka jiƙa ka saita amma har yanzu take yawo ko take ƙin karɓar 4.01, gilas ɗin ya tsufa ne, yawanci shekara ɗaya zuwa biyu yake yi, sai dai a canza kan ko a sayi sabuwa.