Inda ɗalibai ke tuntuɓe a lissafin ƙarfin jan duniya

Duk shekara idan na zauna duba takardun ɗalibaina masu shirin WAEC, kuskure ɗaya ne yake fara ci mini rai: wurin da suke fara auna r a dokar g = GM/r². A wannan doka, g shi ne ƙarfin ja, G lamba ce tsayayya, M yawan kilon duniya ne, r kuma tazara ce. Daga tsakiyar duniya ake auna ta. Su kuwa daga doron ƙasa suke farawa.

A ce tauraron ɗan'adam yana tazarar kilomita 6,400 sama da mu. Yaro zai sa 6,400 a gurbin r, ya sami 9.8, wato ƙarfin jan da ke ƙarƙashin kujerarsa, ya ja layi biyu yana murna. Ya manta daga tsakiyar duniya zuwa ƙafarsa ma kusan kilomita 6,400 ne. Tazarar gaskiya ita ce 12,800. Kafin ka taɓa kalkuleta, zana da'ira, ka ɗiga tsakiyarta, ka ja layi har zuwa tauraron, ka haɗa tsawon biyun.

Daga nan sai wani ya ce tunda tazara ta ninka, ja ya ragu da rabi. A'a, r² aka ce. Ja yana komawa kashi ɗaya bisa huɗu, kusan 2.5.

Kilomita kuma a maida ta mita tukuna. Babban G, wato 6.67 × 10⁻¹¹, ba ya canzawa ko'ina. Ƙaramin g ne ke sauyawa, 1.6 a wata, 3.7 a duniyar Mars.

Kalmar "maganaɗisun ƙasa" da muke ji ana kiran wannan ja da ita a rediyo ita ma tana rikita yara. Maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, wannan ja kuwa bai bar komai ba, har ruwa da auduga. Buhun masara mai kilo 100 yana da nauyin niyuton 980 a nan duniya (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfin ja). Kai shi wata, nauyin ya koma 160, amma ko ƙwaya ɗaya ba ta ragu ba, kilo 100 ɗin yana nan.

Sai masu rubuta cewa babu ja a tashar sararin samaniya domin sun ga 'yan sama jannati suna shawagi. Tashar tana nisan kilomita 400 ne kawai, g a can kusan 8.7. Faɗowa suke yi tare da tashar, amma gudun da take yi, kusan kilomita 7.7 a daƙiƙa, ya sa kullum ƙasa tana lanƙwashewa ta kauce musu.