Yadda Ake Tsara Waƙar Bangaskiya da Kiɗan Rok a Damagaram

Kiɗan rok na Kirista ya taso ne a Amurka a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da matasa da yawa a jihar Kalifoniya suka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu amma ba su ajiye jitarsu ta lantarki ba. Larry Norman ya fitar da faifan da ake ɗauka a matsayin mafarin wannan salo a 1969, ƙungiyar Petra ta kafu a 1972, daga baya kuma aka sami irin su Hillsong United ta ƙasar Ostareliya, waɗanda matasan majami'unmu suke saurara a wayoyinsu. A nan Damagaram kuwa, inda ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka fara aiki a 1924, sujada ta daɗe tana tafiya da Littafin Waƙoƙi da ganga da tafi. Matashin da yake son haɗa waɗannan biyu zai yi nasara ne idan ya riƙe abu ɗaya tun daga farko: kalmomin waƙar su ne ke jan kiɗan, kuma duk waƙar da jama'a ba su ji abin da take faɗa ba, ba ta yi aikin da aka tsara ta dominsa ba.

Saboda haka ka fara da nassi kafin ka taɓa jita. Ka zaɓi wuri guda a Littafi Mai Tsarki, ka karanta shi da Hausa sau da yawa har ka iya faɗin saƙonsa a jimla ɗaya, domin wannan jimlar ce za ta zama amshin waƙarka. Yawancin sababbin marubuta suna garzayawa zuwa yabo da murna, alhali kiɗan rok ya fi dacewa da kuka da tambaya da roƙo, kuma Zabura cike take da su. Zabura ta 13 ta buɗe da mutum yana tambayar Ubangiji har yaushe zai manta da shi, sa'an nan ta rufe da dogara. Ƙarshen littafin Habakuk, sura ta 3, yana maganar itatuwan da ba su yi ƴaƴa ba da gonakin da ba su ba da abinci ba da garken da ya ƙare, duk da haka annabin ya ce zai yi farin ciki da Allah. Wanda ya taɓa ganin damina ta ɗauke kafin gero ya nuna a ƙauyukan Mirriya ko Tanut ba ya bukatar a yi masa fassarar wannan nassi. Irin wannan tafiya daga ƙunci zuwa dogara ita ce ainihin ginin waƙar rok, wadda takan fara a hankali ta yi ta hawa har ta fashe a amshi.

Idan ka sami jimlar amshi, sai ka rubuta baitoci biyu ko uku da za su kai mai sauraro zuwa gare ta. A ganina baiti ya fi ƙarfi idan ya ambaci abin da ido yake gani, kamar rumbun da ya yi ƙasa, ko layin jarkoki a bakin famfo a watan Afrilu, ko ɗan'uwan da ya tafi ci-rani Agadas bai aiko da labari ba. Kalmomi irin su alheri da ceto da ɗaukaka suna da muhimmanci, amma idan aka jera su ba tare da wani abu na rayuwa a gefensu ba, sai su wuce ta kunne ba su zauna ba. Ka kiyaye amsa-amo a ƙarshen layuka kamar yadda marubuta waƙoƙin Hausa suka saba, kuma kada ka ɗauki waƙar Turanci ko ta Faransanci ka juya ta kalma da kalma, domin jimlar Hausa tana da nata tsawo da nata wurin numfashi.

Wurin da ya fi bukatar haƙuri shi ne ɗora kalmomi a kan karin waƙa. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, tana kuma bambanta dogon wasali da gajere, abin da Turanci ba ya yi kamar yadda Hausa take yi, shi ya sa mawaƙan rok masu waƙa da Turanci suke jan kowace gaɓa yadda suka ga dama. Idan ka ja gaɓar farko ta kalmar gari domin ta cika ma'aunin kiɗa, birnin da kake nufi ya koma garin tuwo a kunnen mai sauraro. Hanyar kauce wa wannan ita ce ka faɗi layin da bakinka kamar kana magana da wani, ka naɗa a waya, ka saurari inda muryarka ta hau da inda ta sauka, sa'an nan ka gina karin a kan wannan zanen. Gaɓa mai nauyi ta sami dogon sauti, gaɓa marar nauyi ta sami gajere. Idan kari da kalma suka yi karo, karin ne ya kamata ya sauya. Ka kuma tsare amshin a cikin tazarar da ba ta wuce daga Do zuwa Do na sama ba, domin abin da kai kake iya kaiwa da muryarka ba lalle ne iyaye mata na zumunta da yaran makarantar Lahadi su kai ba.

Batun jita bai kai haka wuya ba. Haɗe-haɗen sautuka guda huɗu da ake dannawa a jita, wato Mi minar da Do da Sol da Re, sun isa ɗaukar waƙa sukutum, kuma suna da sauƙi a yatsun mai koyo. Abin da ya fi amfani shi ne ka tuna cewa Nijar tana da nata rok tun kafin mu waiwayi Amurka. Salon jitar Abzinawa, wanda Bombino da Mdou Moctar suka kai manyan dandamali na duniya, yana tafiya a kan sautuka biyar, irin waɗanda gurmi da garaya suke bi, kuma kunnen Bahaushe ya riga ya saba da shi. Idan mai jitar gaba ya ɗauki wannan salo, mai jitar bes ya riƙe ƙasa, mai ganguna ya bar wa kalangu ko ƙwarya wuri, za a sami kiɗa mai ƙarfi wanda dattijo ba zai ji shi baƙo ba. A lokacin baiti a rage ƙarar jita sosai har kowace kalma ta fito, a bar rugugin ya jira amshi.

Kafin waƙa ta hau gaban ikkilisiya, ka kai rubutunta wurin fasto ko ɗaya daga cikin dattawa. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce masa, “Baba, ga wata waƙa da muka rubuta, muna roƙo a duba mana ko ta yi daidai da koyarwa.” Ka kai takardar tukuna ba tare da kiɗan ba, domin dattijon da ya fara jin ƙarar jita zai yanke hukunci a kan ƙarar, wanda kuwa ya fara karanta kalmomin yakan saurari kiɗan da sauƙin zuciya. Muhawarar ko wannan kiɗa ya dace da ɗakin sujada ba sabuwa ba ce, an yi ta a majami'un Amurka shekaru da yawa, kuma ba a gama ta da gardama a rana ɗaya. Wata waƙar ta dace da safiyar Lahadi, wata kuma wurinta taron matasa ne.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Kiristoci ƴan kaɗan ne a Damagaram, kuma kusan kowace majami'a tana kewaye da gidajen Musulmi da masallatai. A tsara lokacin gwaji yadda ba zai ci karo da lokutan salla ba, a kashe lasifika da zarar an fara kiran salla, kuma kada gwajin ya kai dare. Haka nan waƙar ta tsaya a kan shaidar bangaskiyarka, ba tare da habaici ga addinin kowa ba.

Game da kayan aiki, ka koya wa ƙungiyarka waƙar da jitar katako da tafi tukuna, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar sujada waƙar ta ci gaba. Iskar hunturu tana busar da katakon jita har ya tsage, ƙura kuma tana shiga amfilifaya, don haka a riƙa mayar da kowane abu cikin jakarsa ko a lulluɓe shi da zane bayan an gama. Wajen naɗa, ɗaki mai labule da tabarmi da katifa a jingine da bango ya fi ɗaki fanko, kuma a naɗi murya dabam da kiɗa idan da hali. Minti huɗu ya ishi waƙa, musamman tunda ta WhatsApp da katin waya za ta yi yawo. Idan ƙungiya ce ta tsara ta, a rubuta sunan wanda ya yi kalmomi da wanda ya yi kari tun ranar farko, sa'an nan a yi mata rajista a BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar, kafin a sake ta ga jama'a.